Tuzuru da Ƙafafun Inna

Zuwa ga jikata Kumatu,

Sallama, da gaisuwa mai yawa wadda ambulan ɗaya ba zai ɗauke ba. Ina fatan kina lafiya, ke da mutumin nan da ya ƙwace mini ke, da Ɗan Tulun da kika haifa wanda har yau ban sa shi a ido ba. Ni lafiyata ƙalau. Gwiwa ce take yi mini gardama da safe, kunnen hagu kuma ya ajiye aiki, shi ya sa nake ce miki ki daina wahalar da kanki da waya. Maganar waya iska ce. Ta takarda kuwa ina adana ta, in na ga dama in sa a sake karanta mini.

Kamar kullum, maƙwabcina Mai Agogo ne ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ja masa kunne kada ya gyara mini magana. In kin ci karo da wata kalma mai ƙyalli, tasa ce, ki tsallake.

Kin ce kin gaji da yi wa littattafan mutane zane, yanzu naki na kanki za ki yi, na yara, a kan ke da zomon gidan nan lokacin kina jaririya. Kin ce in ba ki labari, tunda kakarki ta tafi, uwarki ma ta bi ta, ni kaɗai na rage. To, gyara zama.

Wani mai kawo mini gyaran takalma ne zai tashi daga unguwa, ya ajiye mini kwali a ƙarƙashin teburin aiki, ya ce ajiya ce, zai dawo. Har yau yana dawowa. Da na buɗe, sai ga kunnuwa. A makon nan kuma uwarki ta kawo ki, za ta koma karatun jinya, ko zama ba ki iya ba. Kakarki ta dube ki, ta dubi kwali, ta ce, "Baƙi biyu, ba mai magana a cikinsu, duk sai ci." Ita ta sa masa suna Tuzuru, wai ba shi da mata, kuma ba ta ga alamar yana nema ba.

Kada ki zana shi fari, na san halinku. Ruwan toka ne, kunnen dama a karye yana lilo. Na ɓata yini guda na haɗa masa keji da katako, ya leƙa ciki ya ce ba da shi ba. Ƙarƙashin gadonki ya zaɓa. In kin farka kina kuka kakarki tana can wajen shanya, sai ya dinga buga ƙafar baya a siminti, dam, dam, har ta zo. Ta ce ta yi renon yara da yawa, ba ta taɓa samun ɗan taya reno mai gashi haka ba.

A wajensa kika koyi rarrafe, shi ya sa kika koya a karkace. Yaran mutane gwiwa ɗaya suke turawa sannan ɗayar, ke kuwa hannu biyu gaba, sai ki jawo gwiwa biyu tare. Da uwarki ta zo hutu ta gani, hankalinta ya tashi, ta fara maganar likitan ƙashi. Kakarki ta ce, "Zauna ki ga malaminta." Sai ga shi ya fito daga bayan akwati, ke a bayansa, tafiya iri ɗaya. Karas ɗaya kuke ci, shi ta tsini, ke ta gindi da dasashi. Kalmarki ta fari ba Inna ba ce, wato kakarki, ba Kaka ba ce, wato ni, Zuzu ce. Har yau ban yafe ba.

Yanzu ga abin da ya sa na yi murna da wannan littafi. Kakarki ba ta son hoto. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukarta, shi ma sai da aka kusa dambe. Hoton yana jingine a kan akwati, ke kika jawo shi ƙasa, Tuzuru ya fara ta kai. Da muka shigo, saura gefen mayafi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ya hutar da ni." Ba ta ƙara yarda ba har Allah ya karɓi abarsa, ba ki cika shekara uku ba. Da uwarki ta tafi da ke, Tuzuru ya daina cin abinci, bai daɗe ba shi ma.

Saboda haka ki zana mini fuskarta da kyau a littafin nan. Shi ya ci, amma ke kika miƙa masa, ke za ki mayar.

Kakanki, mai gyaran takalma

*

Zuwa ga angona tsoho,

Gaisuwa da ladabi, Kaka. Muna nan lafiya. Mutumin da ya ƙwace ni yana gaishe ka, ya ce a gaya maka ba zai mayar ba. Ɗan Tulu ya fara zama, in an jera masa matasai. Gwiwar nan ka dinga gasa ta da ruwan ɗumi, ka daina cewa ta san hanyarta.

Na karanta takardarka ina dariya ina share ido, har mai gidan ya leƙo ya ce ko lafiya. Ban taɓa sanin a wajen zomo na yi makarantar rarrafe ba. Ya shiga littafi, da karas ɗin, da buga ƙafar. Kunnen dama na karya shi kamar yadda ka ce.

Ga shafuka na sa maka a cikin kwali don kada su lanƙwashe. Ba su ne na ƙarshe ba, kwafi ne, ka riƙe. Za ka ga duk littafin daga ƙasa na zana shi, daidai inda idon mai rarrafe yake. Sai da na kwanta rub da ciki a falona da fensir, na ga yadda kujera take zama dutse, ƙarƙashin gado yake zama gari guda. Matar da ke duba aikina a kamfanin buga littattafai ta ce abin da ya fi burge ta ke nan. Ta ce a duniyar jariri da zomo, manya daga gwiwa zuwa ƙasa suke, abin da ya wuce nan ba ruwansu da shi.

Inna tana kusan kowane shafi. Kai ma kana nan, a shafin teburin aiki.

Sun sa littafin a layin waɗanda za a buga kafin a koma makaranta. Ka duba ka gaya mini gaskiya, na san ba sai na roƙe ka wannan ba.

Jikarka, Kumatu

*

Kumatu,

Na gaishe ki, na gaida yaron. Lafiyata lau, kada ki tambaya.

Kwalinki ya zo. Na wanke hannu, na share tebur, na kira Mai Agogo ya zo ya ga matata. Na buɗe shafin fari, ƙafa. Na biyu, ƙafa da gefen zane. Na ce to, tana tafe, a hankali ake shigo da babban mutum. Muka yi ta buɗawa har ƙarshe. Mai Agogo ya cire tabarau ya goge ya mayar, ko shi ne bai gani ba.

Ke yanzu fisabilillahi, tun ina saurayi nake duƙe ina kallon ƙafafun mutane. Mai kaushi, mai faso, mai wari, duk sun bi ta hannuna. Na tsufa na ce bari in ɗaga kai in ga fuska ɗaya, shi ne kika ɗauko wasu ƙafafun kika sa a kwali kika aiko mini?

Zomo kuwa an yi masa gata. Gashin bakinsa ma ɗaya bayan ɗaya kika ja. Ga idonsa, ga hancinsa, ga shi yana hamma, ga shi yana tunani. Wanda ya cinye hoto ya samu fuska a kowane shafi, wadda aka cinye an sare ta daga gwiwa.

Ita wannan mata ta kamfani da ta ce manya ba ruwan yara da su daga gwiwa zuwa sama, ki tambaye ta, da gwiwa aka ba ta nono? Ta san kakarki? Ta san matar da ta yi wata guda tana barci a zaune da ke a kafaɗa lokacin da kike tari? Na gane abin da ya faru. Ta ba ki umarni, ke kuma kin ji kunyar ce mata tsohuwar gidanmu tana da kai. Ko kuma kin ga fuskar matar mai gyaran takalma ba ta dace da littafin 'ya'yan masu mota ba.

Mai Agogo ya ajiye biro ya ce wannan ta yi tsauri, in janye. Na ce rubuta. Hannunka na ara, ba bakinka ba.

Ban hana ki buga littafinki ba, wa ya isa. Amma in haka zai fita, ki cire cewa gidana ne, kuma kada ki aiko mini da shi. Ina da ƙafafu a nan da yawa.

Kakanki

*

Zuwa ga Kakana,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Muna lafiya. Ɗan Tulu yana fama da haƙori, ba ya barin kowa ya huta.

Kaka, ba wanda ya ba ni umarni. Matar nan yabawa kawai ta yi, ni ce na zana haka tun kafin ta gani. Maganar kunya kuwa ta yi mini ciwo, amma na bar ta, na san ba daga zuciyarka ta fito ba.

Abin da ban iya rubuta maka ba a waccan takardar shi ne wannan: ban san fuskar Inna ba. Na yi ƙoƙari. Nakan rufe ido in kira ta, sai in ga ƙofa ta buɗe, haske ya shigo ta ƙasa, ƙafafu biyu sun nufo ni, Zuzu ya miƙe kunne. Ina jin ƙanshin sabulu. Ina jin an ɗaga ni sama. Daga nan sai fari fat, kamar takardar da ba a taɓa ba. Tun ina 'yar makaranta nake jin nauyin in faɗa, kada ku ce na manta wadda ta rene ni. Abin da nake da shi na zana, ban rage komai ba.

Amma kai kana da sauran. Ka ba ni. Ka zaunar da Baba Mai Agogo ka faɗa masa yadda take, goshi, ido, hanci, baki, kamar kana kwatanta wa wanda zai je tarbarta a tasha. Zan ƙara shafi ɗaya a ƙarshe, inda ta sunkuyo ta ɗauke mu ni da Zuzu, fuskarta ta cika shafin. Na roƙi kamfani su ɗan jira ni, sun yarda, amma ba da yawa ba.

In ka ce ban isa ba ma, zan ji. Amma kada ka ce kunyarta nake ji.

Kumatu

*

Zuwa ga Kumatuna,

Gaisuwa mai kyau. Yaron nan ki ba shi abu mai sanyi ya ciza, ke karas ɗin Tuzuru ne ya fito miki da naki. Ni ina nan, gwiwa ta ɗan saki.

Waccan maganar ta kunya, Mai Agogo ne bai hana ni da ƙarfi ba. Ya ce ba zai rubuta wannan ba. Ya rubuta.

To, ga ta. Ki buɗe kunne.

Ba fara ba ce, ba baƙa ba ce. Goshinta yana da faɗi, amma ba irin faɗin da ake magana ba. Idonta, to, idonta in ta dube ka ka san ta riga ta san abin da ka ɓoye a aljihu. Mai Agogo ya ce wannan ba kwatance ba ne, manya ne ko ƙanana? Na ce in tana fushi ƙanana, in ta ga uwarki ta sauko daga mota manya. Hancinta daidai fuskarta. Tana da wushirya, wannan na tabbata, don ta nan take tsartar da zare in ta ciza mini shi. In za ta yi dariya, gefen hagu ne yake fara tafiya, na dama ya biyo baya kamar an tilasta shi. Akwai wani ɗan tabo a haɓa ko a kumatu, inda man suya ya fallatso mata. A haɓa ne. Mai Agogo ya ce shi a kumatu ya sani. Wa ya aure ta, ni ko kai?

Mun yi tun hantsi muna wannan, shayinmu ya huce, abin da muka samu ke nan. Ni da nake iya gaya miki lambar takalmin duk wanda ya taɓa zama a bencina.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, sai wannan mai biron da ba yadda zan yi da shi. Da, in na rufe ido tana nan tsaye cak. Yanzu sai na yi ta kira, in ta zo ma kamar ta bayan labule. Muryar tana nan, dariyar tana nan, fuskar ce take ja da baya. Uwarki da za ta taya ni riƙo ta riga ni. Shi ya sa na ɗora rai a kan littafin nan. Na ce yarinyar nan hannunta yana da baiwa, za ta kamo mini ita kafin ta gama shigewa.

Ki yi da abin da na ba ki. In kin zana zan gane ta, wannan ba na shakka.

Kakanki

*

Kaka,

Gaisuwa a gurguje, mai kai saƙo yana jira. Duk muna lafiya, haƙori biyu sun fito.

Ga fuska uku. Na bi maganarka layi layi, na haɗa da abin da nake gani a madubi, da hoton Mama. Tabon na sa shi a haɓa, Baba Mai Agogo ya yi haƙuri. Ka zaɓi wadda ta fi kusa, ka gaya mini inda zan gyara: a ƙara nan, a rage can. Ko sau nawa ne zan sake.

Sai dai ka taimake ni da sauri. Matar kamfani ta ce injin ba ya jiran kowa, in na wuce ƙarshen wata za su sa wani littafin a gurbina.

Kumatu

*

Zuwa ga Kakana,

Ina gaisuwa. Ina fatan shirun nan ba na ciwo ba ne. Na kira wayar Baba Mai Agogo ba ta shiga. Na aika a duba ka, aka ce an gan ka a bakin shago kana fama da takalmin wani, lafiyarka ƙalau. To na gane. Shirunka amsa ce.

Ban kamo ta ba, ko? Na san ba ka iya cewa abu ya yi alhali bai yi ba, kuma ba ka son ka sake ɓata mini rai.

Na yanke shawara. Ba zan fitar da littafin da zai sa ka kawar da kai ba. Gidanka ne, matarka ce, zomon ma ajiyarka ne. Zan je in gaya wa kamfani su ba wani gurbin. Zan ɗaure shafukan in ajiye, in Ɗan Tulu ya girma ya gani a gida. Ya fara yunƙurin rarrafe, yana turo gindi sama yana faɗuwa ta hanci.

Ba fushi nake ba, Kaka. Kewarka nake.

Kumatu

*

Zuwa ga Kumatu, uwar gaggawa,

Gaisuwa, kuma ki tsaya cak inda kike. In kin riga kin je wajen matar kamfani, ki koma ki ce mata bakinki ne ya zame. Mai Agogo zai kira ki yau da wayarsa ya faɗa miki haka, amma sauran maganar ta takarda ce.

Shiruna ba amsa ba ne. Mai Agogo ne ɗansa ya zo ya tafi da shi aka cire masa yanar ido, aka hana shi waya, aka hana shi karatu. Takardarki ta ƙarshe tana kan tebur a rufe har jiya. Masu karatu sun cika unguwa, amma ba zan buɗe cikina a gaban wanda na gyara wa takalmin makaranta ba. Yanzu ya dawo da ido sabo, ya ce ashe na fi yadda yake zato tsufa.

Fuskokinki uku ba sa bukatar mai karatu, na jera su a kan tebur. Ta farko wata mai sayar da kananzir ce da muka sani da. Ta biyu uwarki ce sak, na daɗe ina kallonta. Ta uku ta yi kusa. Kusan nan shi ne masifar. Na yi kwanaki ina dubanta ina cewa a ɗan rage nan, a ɗan ƙara can. Ran nan na rufe ido na kira kakarki, sai ga ta ukun nan ta zo, da layin fensir ɗinki da komai. Na kore ta, ta dawo. Ɗan abin da ya rage mini na gaske, zane yana neman ya zauna a kansa. Na tattara su na sa a kwalin takalmi na ɗaure da zare. Ba laifin hannunki ba ne. Ni na aike ki ɗauko abin da ban iya kwatanta miki ba.

Ana nan, wata rana da la'asar basillata ta ɗinkin takalmi ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado. Na durƙusa, na miƙa hannu, na kwanta, na kamo ta. Da na zo tashi gwiwa ta ce ai ba da ita aka yi shawarar sauka ba. Na yi kira, ba kowa. To, na ce, tunda an kwanta a kwanta.

Kumatu, ban taɓa ganin ɗakin nan ba sai ran nan. Ƙafar gado duk tabon haƙorin Tuzuru. Ƙasan ƙofa akwai tsaga, haske yana shigowa ta nan kamar an shimfiɗa zare. Shafukanki na farko suna can ƙarƙashin gadon, inda na tura su ranar da na yi fushi. Ba abin yi, na jawo su, na buɗe a nan ƙasa, kumatuna a kan siminti.

Ranar da suka zo fuska nake nema, ban dubi abin da ke gabana ba, ni da aikina ke nan. Shafin da ƙofa take buɗewa, takalminta na hagu, hancinsa ɗinke da koren zare. Tuzuru ne ya gwaguye shi, ranar baƙin zarena ya ƙare, na ɗinke da kore na ce gobe zan sake. Ta ce a bar shi, ya fi kyau. Ban gaya miki wannan ba. Uwarki ba ta nan aka yi. Ni kaina na manta sai da na gani.

Kuma ba inda kika ɗaga mata ƙafa daga ƙasa. Duk shafukan, tafin yana manne da siminti. Haka take. Tun da kuka zo gidan ku biyu ta daina ɗaga ƙafa, sai ja, sharaf, sharaf, kada ta taka ɗaya daga cikinku. Dugadugan takalminta na dinga canjawa saboda haka, ina mita. Har ta rasu ba ta koma tafiyar da ba.

Ina kwance ina kallon koren zaren nan, ban kira ta ba, ban roƙa ba, sai na ji jan ƙafar daga ƙofa. Sai ga fuskar daga sama, ta sunkuyo, gefen hagu ya riga ya tafi, tana cewa, "Malam, me kake nema a nan?" Ita ce, ba labule, ba fensir. Ba ta daɗe ba. Ban ce miki ta dawo ta zauna ba, kuma kada ki tambaye ni tabon yana ina, ban duba ba.

Mai wanki ne ya zo karɓar kaya ya same ni a ƙasa ina dariya ni kaɗai, ya saki salati ya zaci tafiya ce ta zo. Da ƙyar ya ɗaga ni, yana cewa Baba ka rage tuwon hannu biyu, na ce ɗaga ka yi shiru.

Saboda haka ga hukuncina, kuma ba na son gardama. Shafin ƙarshen nan na fuska, a cire. Littafi ya fita yadda kika yi shi tun farko, daga gwiwa zuwa ƙasa. Ki rubuta gidana ne, da manyan baƙaƙe. Ki aiko mini da guda biyu, don Mai Agogo zai ara ba zai mayar ba. Gyara ɗaya kawai: a shafin teburin aiki kin sa mini takalmi mai igiya. Ban taɓa sa shi ba, na masu ofis ne. Ki cire.

Sai magana ta ƙarshe. Kin ce yaron ya fara turo gindi sama. Kada ki jira hutu, kada ki jira littafi ya fito. Ki kawo shi tun yana ƙasa, kafin ya miƙe. Na sa an wanke simintin, na kwashe ƙusoshi daga ƙarƙashin tebur. Ƙafafuna ba su kai nata kyau ba, amma na yanke farce.

Kakanki, mai gyaran takalma